A Sha, A Shafa

Daga Bodinga har Shagari, babu mahalukin da ya fi ni sanin halin wuta, kuma babu wanda bakinsa ya kai nawa albarka. Ni ne Mamman Sarkin Wuta. Duk shekarun da na yi ina dafa mazarƙwaila a fadamar Danchadi, kasko bai taɓa ƙonewa a hannuna ba. In na harari itace sai ya rage ci. Baki kuwa, na taɓa sayar wa mai gonar rake rake, har ya yi mini godiya. Na sha faɗa a teburin mai shayi cewa ƙaryata ta alheri ce, ba ta taɓa karya wa kowa ko farce ba. Da wannan bakin na ciro taubashina Jabbi daga Shagari na kai shi bayan duniya. Abin da ya biyo baya shi zan ba ku, kuma ba zan ƙara gishiri da yawa ba, don abin ya zo da nasa.

Jabbi ɗan kawuna ne, Bafillace siriri marar magana, wanda in ya ce maka "to" ya gama hirar mako. Ni yana kira na Kaɗo, ni ina kiran sa Bahillace, haka muka taso muna tsokanar juna. Ɓarayin daji suka kore masa shanu, ya koma zama gindin bishiyar bedi yana kallon turaku babu komai. Ni na je na ce masa a Amurka shanu sun fi mutane yawa, kuma Turawa kuka suke yi da hawaye suna neman wanda ya san saniya. Kawu bai hana ba. Abin da ya ce mini kawai shi ne: "Mamman, yadda kat tahi da shi, haka nika son ka maido mani shi." Na buga ƙirji na ce zan maido shi da tumbi.

Zangonmu na farko Burazil, don ta can aka ce hanya ta fi sauƙi. Wanda ya tare mu ɗan ƙasarmu ne, mai tabon sallah baƙi ƙirin a goshi da carbi har gwiwa. Ya ba mu tuwo, na rantse har miyar kuka, muka ci muna share ƙwalla. Ya karɓi abin da ya karɓa, ya ce ya gama biyan mota har bakin Amurka, mu dai mu zauna mu yi barci. Motar ta sauke mu ba mu ko fita ƙasar ba. Lambarsa kuma daga ranar ta mutu. Jabbi ya dube ni ya ce ashe akwai wanda ya fi ni.

Daga nan sai motoci, wata ta miƙa mu ga wata. Muka hau duwatsun da sanyinsu ke shiga haƙori, inda numfashi ma sai ka yi masa ciniki. Mutanen wurin gajeru ne masu jajayen kumatu, suna kallon mu kamar an sauke raƙuma a kasuwa. Wata tsohuwa a tasha ta ga Jabbi yana sallah a kan kwali yana kaɗuwa, ta cire bargon kafaɗarta ta yafa masa, ta wuce ba ta ko tsaya ya sallame ba.

Sai dajin nan da ke tsakanin Kolombiya da Panama. A nan bakina ya yi shiru, kuma duk wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin labari ba ne. Babu hanya sai laka, babu sama sai ganye, ruwa na zuba kamar an yi masa laifi. Mun wuce mutane kwance a gefen rafi an rufe su da tantinsu, ba mai tsayawa. Jabbi kaɗai ke rage tafiya ya yi musu addu'a, ko da wane addini suka mutu. Wasu masu bindiga suka tare mu suka kwashe wayoyi da 'yan guzurinmu. A wajen ƙetare wani kogi ne tsinin kututture ya huda takalmin robar Jabbi ya shige tafin ƙafarsa ta hagu. Bai faɗa mini ba. Fulako ya hana shi cewa wayyo. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da tafiya, har yana ɗaukar wa wata mai ciki jakarta.

Ban ga ƙafar ba sai a Mekziko. Mun yi zaman jiran takarda a garin bakin iyaka har muka gaji, muka bi ayarin masu tafiya a ƙasa zuwa arewa. Rana can ba ta fi ta Sakkwato ba, amma kwalta ce ke dafa mutum daga ƙasa. Wata rana da hantsi Jabbi ya zauna a bakin titi, ya ce in ci gaba zai iske ni. Na kwance tsumman. Ƙafar ta kumbura ta yi sheƙi, warin ya sa na juya kai. Ayari ya wuce ya bar mu, mu biyu da ungulaye.

Na goya shi. A teburin mai shayi nakan ce na goya shi kwana uku. Gaskiya dai daga titi ne zuwa wani ƙauye da ke kan tudu, amma Bahillace ƙashi ne zalla, ƙashi kuwa da nauyi. Tudun nan duk wani tsiro ne mai kama da moɗa, tsiron nan da ake igiya da shi, sai dai moɗar da ta ci ta ƙoshi, ganyenta ya fi mutum tsawo, kowane da ƙaya a baki. Hayaƙi na gani a bayan wani gida, na bi shi, don duk inda wuta take ina da dangi.

Mai gidan wata dattijuwa ce gajera mai faɗi, sunanta Marta. Na iske ta tana fama da murhu, itacen ɗanye, hayaƙi ya cika mata ido. Na ajiye Jabbi a inuwa, na durƙusa na gyara itacen, na buɗe wa wutar hanyar iska. Kafin ta gama goge ido wuta ta kama lafiya lau, ba gaggawa ba lalaci. Ta dube ni, ta dubi ƙafar Jabbi, ta nuna mana ɗakin da take ajiye masara. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Da hannu muka ƙulla ciniki: ni wuta, ita kwano da rufin kwana. Na sa mata Inna Marta, ta amsa.

Da farko na zaci abokiyar sana'a na samu. Jarkoki na gani cike da maɗi mai kauri kamar zuma, na tsoma yatsa na lasa, zaƙi har ƙeya. Daga tsiron nan ake yin sa. Da alamu ta fahimtar da ni cewa lokacin da mijinta ke raye rami yake haƙawa ya gasa gindin tsiron, wanda ya yi kama da ƙatuwar abarba, a daka a matse. Ita ba ta da ƙarfin wannan, sai take sayen maɗin a jarka. Don kada masu saye su rasa ƙamshin hayaƙin da suka saba, sai ta ƙyafe 'yan gutsattsarin gindin a kan garwashi kamar kifi, ta jefa cikin duro. Na ce a raina yau mazarƙwaila ta zo Turai. Amma sai na ga ta tsinka maɗin da ruwa ta rufe duro ta bar shi. Bayan kwanaki duro ya fara kumfa yana gunaguni shi kaɗai, wani tsami ya tashi, irin wanda na taɓa ji in na bi ta bayan bariki. 

Ranar dahuwa ta juye shi a wata tukunyar jan ƙarfe mai hula, da bututu ya fito daga hular ya ratsa kwamin ruwan sanyi. Aikina in riƙe wuta daidai, kada ta yi fushi kada ta yi barci. Can sai bakin bututun ya fara ɗiga, fari tas kamar hawaye. Meskal suke ce masa. Giya ce, jama'a. Ni Mamman, jikan liman ta wajen uwa, na ƙetare teku na zo na zama ɗan wutar giya. Kowane itace na tura sai na bi shi da istigfari, har itacen ya saba.

Abin da na lura da shi, wanda ya fara ɗigowa ba ta haɗa shi da sauran. Daban take tare shi ta zuba a wata jar jarka, inda take zuba wani sinadari na kanti da take goge kayan aiki da shi. Mu a wajen mazarƙwaila na farko shi ne na albarka, shi ake ba baƙo da maƙwabci. Na nuna mata mamakina. Ta nuna jarkar, ta nuna bakinta, ta girgiza kai, sannan ta rufe idanunta da tafin hannu. Na gane sarai: wanda ya sha wannan, ya yi sallama da gani. Amma ta tsiyaya mini a ƙaramar kwalba ta nuna ƙafar Jabbi, wato a wanke ciwo da shi.

Matsalata Jabbi. Na san shi. In ya ji cewa waken da yake ci da wainar masarar nan daga kuɗin giya suka fito, zai rufe baki ya mutu da yunwa yana mini kallon raini. Ga ƙafa ba ta takuwa, ga babu wani gida da ya buɗe mana ƙofa. Inna Marta kuwa, da ta lura ba ma taɓa naman alade, sai ta ware mana tukunya sabuwa, ta ɗaura mata jan zare don kada a haɗa. Ina zan kai shi in mun bar nan?

Da ya tambaye ni warin me yake ji, sai bakina ya yi abin da ya saba. Na ce masa Allah ya kashe ya ba mu, gidan babbar mai maganin ƙasar muka faɗo, sarakuna ma nan suke aikowa. Ta ƙofar ɗakin yana hango maza suna zuwa da kwalabe, su shigo a sunkuye su fita suna dariya, ya ce lalle maganin na da ƙarfi. Na wanke masa ciwon, ya cije leɓe har jini bai yi ƙara ba. Na ɗaga kwalbar na ce wannan da kake gani, ko gawa aka ɗiga wa sai ta yi atishawa. Na ajiye ta a kan buhun masara kusa da kansa, na koma bakin wuta. Ban ce kada ya sha ba. In na ce guba ce zai tambaye ni wane irin mai magani ke dafa guba, kuma ban kawo a raina cewa mai hankali zai kai abin da ke wari haka bakinsa ba.

Na manta daga inda muka fito. A wajenmu wane magani ne ba a sha a shafa? Rubutun malam, a sha a shafa. Sassaƙen da Kawu ke jiƙa wa mutum da saniya, a sha a shafa. Ciwon da ya fito waje, ai daga ciki ya taso. Ɗaci da wari kuwa su ne shaidar magani na gaske. Jabbi ya yi abin da uwarsa ta koya masa: in na fita sai ya tsiyaya a moɗa, ya ƙara ruwa, ya yi bisimilla, ya toshe hanci.

Har murna na yi. Ciwon ya fara tsotsewa, mutumin da ba ya magana ya fara dariya. Na shigo da rana na iske shi yana kiran shanunsa da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, yana ba su labarin dajin Panama. Na ce wa Inna Marta da hannu ɗan'uwana ya warke, ta yi alamar addu'arsu a ƙirji. Da na ga kwalbar ta yi ƙasa na zaci wankin ciwo yake yi da kansa, na sake cika ta daga jar jarka da hannuna.

Wata safiya na kawo masa kunu na iske ya yi amai, yana riƙe da ciki, yana numfashi kamar wanda ya yi gudu.

"Kaɗo," ya ce, "wa yash shanya hwarin zane bakin ƙohwa?"

Babu zane. Rana ce tsaye a ƙofar.

"Bahillace, kwalbar ga, mi kaka yi da ita?"

"Abin da aka yi da magani. Ina sha, ina shahwawa."

Ban san lokacin da kwanon ya bar hannuna ba. Inna Marta ta shigo, ta dubi kwalbar, ta dubi idanunsa, ta ɗora hannu a ka. Ta fita da gudun da ban san tana da shi ba, ta aika a nemo mai a-kori-kura, don asibiti na can nesa a gangare. Ta dawo da kwalbar meskal ta ainihi, mai kyan, wadda take ɓoye wa manyan baƙi. Ta cika kofi. Ta nuna jar jarka ta dunƙule hannu ɗaya, ta nuna kofin ta dunƙule ɗayan, ta gwabza su, na kofin ya danne. Na gane: wannan ke tare wa waccan hanya kafin a kai ga likita.

Muka ɗora shi a bayan mota, kansa a cinyata, kofin a hannuna. Ya ji warin ya ce wannan kuma fa? Ina iya cewa magani ne na biyu. Kalma ɗaya ce, kuma da ya sha. Wallahi na buɗe baki in faɗe ta, sai na ga idanun nan suna neman fuskata suna wucewa ta gefe, ƙaryar ta maƙale. Karo ɗaya a rayuwata da ƙarya za ta yi amfani, a ranar ta ƙi fitowa.

"Jabbi, giya ta. Gidan ga giya aka dahwawa. Wadda kash sha guba ta, wagga ita ka kashe ta. Sha, don Allah."

Muka wuce wata gada, sai ya ce:

"Waken da nika ci hwa?"

"Duk daga nan na."

Ya juya kai ya datse haƙora. Na shiga yi masa wa'azi, ni da ban kai ko'ina a karatu ba. Na ce larura ce, malamai sun halatta, ko liman na nan da kansa zai ɗura masa. Na ce ya tuna Kawu, ya tuna 'ya'yansa, ya tuna akwai sauran shanu a duniya da bai gani ba. Na yi magiya, na yi zagi, na yi kuka. Na sunkuya a kan fuskarsa ina ta zuba kamar famfon da ya lalace, mota na jijjiga mu, rabin kofin ya zube a rigata. Inna Marta na gefe tana riƙe da ƙafarsa mai ciwo don kada ta bugu, tana magana da nata Ubangijin.

Sau ɗaya ya buɗe baki.

"Wadda nish sha ban sani ba, Allah ya san ban sani ba. Wagga na sani."

Na gwada matse masa muƙamuƙi. Mutumin da na goya kamar ƙaramin yaro ya riƙe wuyan hannuna, sai da na ji ƙashi ya yi ƙara. Na bari.

A asibiti sun karɓe shi ba su tambayi takarda ba, wannan alheri ba zan manta da shi ba. Suka sa masa robobi, suka haɗa shi da injin wanke jini. Ransa ya tsira. Ƙafar ma suka gyara ta, ta warke sumul, har yau ba ya ɗingishi. Idanun ne. Likitar ta yi mini bayani ta waya mai fassara, ta ce jijiyar ta ƙone, zai riƙa bambance rana da dare, shi ke nan. Na tambaye ta da ya sha kofin nan fa? Ta ɗaga kafaɗa ta ce watakila. Wannan watakilar ita nake kwana da ita nake tashi da ita.

Ban koma bakin wutar ba. Inna Marta ta riƙa hawo mota tana kawo mana wake a tukunyar nan mai jan zare. Jabbi ya gane takunta, yakan gaishe ta da Fillanci, ta amsa da yarenta, amma bai sake cin waken ba. Ni nake cinyewa a bayan asibiti don kada ta koma da shi. Ranar da wata ƙungiya mai mayar da baƙin haure gida ta sa mu a jerin masu komawa, ta zo ta kama hannayensa biyu ta ɗora a fuskarta don ya ji tana kuka. Ya ce mini in gaya mata ba ta da laifi. Ban san yadda ake faɗin haka da hannu ba, sai na yi ta gyaɗa kai.

Amurka dai ko katangarta ba mu gani ba.

Mun iso Shagari ana cirar albasa. Kawu na zaune a kan buzu, ya ga ɗansa ya sauko daga Keke Napep riƙe da gefen rigata. Ya tashi ya zagaya shi, ya kaɗa hannu a gaban fuskarsa. Na tsaya ina jiran abin da zai ce, na ma shirya ya ɗauko sanda. Sai ya tambaye ni ko mun sha ruwa. Har yau bai tuna mini maganar da ya yi ranar tafiya ba, kuma da ya zage ni da na fi samun barci.

Yanzu ina dafa mazarƙwailata a Danchadi, curin farko na kowace dahuwa na Jabbi ne. Ranar kasuwa nakan ɗauko shi a babur mu zo Bodinga, ya shafa bayan shanun mutane ya faɗa musu wadda ke da ciki da wadda za ta ba su wahala, a ɗan ba shi na goro. Da farko na yi wata da watanni ba na hira. Amma hali ba ya mutuwa. Rannan a teburin mai shayi aka matsa mini in ba da labarin dajin Panama, na fara a hankali, sai abin ya yi daɗi. Kogin ya ƙara faɗi, kadoji suka shigo, na goyi Jabbi kwana bakwai ina kokawa da damisa da hannu ɗaya. Mutane na ta dariya, har na miƙe tsaye ina lissafa ƙasashen da idona ya gani. Wani ya juya ya tambayi Jabbi shi me ya fi tunawa a duk abin da ya gani a can.

Jabbi ya kurɓi shayinsa, ya ajiye kofin a hankali yana laluben gefen tebur.

"Ni dai abin da nig gani na ƙarshe a duniya bakin Mamman na, shina motsi," ya ce. "Kuma ga shi har yau bai tsaya ba."